Bargon Avril, Ƙasa a Sama

Avril Peart ba ta da gindin zama, kuma duk kwarin Weardale an shaida mata wannan tun tana 'yar firamare. In aka zaunar da ita a coci, ƙafarta ce za ta kama rawa a ƙarƙashin benci har mai wa'azi ya manta inda ya tsaya. Tana 'yar shekara goma sha bakwai ta hau motar safe ta bar garin, ba wanda ya kore ta, ba kuma wanda ya yi mamaki. Ta yi kwandasta a bas ɗin Newcastle. Ta yi girki a jirgin ruwan da ke ƙetarawa Holan. Ta yi aure a Hull ta fito, ta sake yi a Aberdeen ta sake fitowa, sannan ta ja motar kai furanni kasuwa har gwiwarta ta fara ƙorafi. Duk inda ta sauka sai ta ce yanzu kam ta samu gida, amma kafin labule ya saba da taga ta cire shi ta naɗe.

Yayarta Thelma ba haka take ba. A gidan ƙarshen layi aka haife ta, da ta yi aure ma mijin ne, Dennis Nattrass, ya tare, daga gidan kuma aka ɗauki gawarsa. Ita ta gaji ɗinkin bargo a wurin mahaifiyarsu, irin na mutanen kwarin: yadi a sama, auduga a tsakiya, shafi a ƙasa, a ɗame su a jikin katako a yi ta bi da allura, ɗinki ƙanana-ƙanana, har zanen gashin tsuntsu da na tufkar igiya su fito, fari a kan fari. Bargo ɗaya kan ci hunturu guda. Uwar ta yi iya ƙoƙarinta ta zaunar da Avril a gaban katakon nan, ta gaji ta sallama.

Da Dennis ya rasu, Avril ta zo gaisuwa da jaka ɗaya ta ce mako guda za ta yi. Shekaru sun wuce, jakar tana nan ƙarƙashin gado, ba ta taɓa yarda a kai ta sito ba. Abin dariyar shi ne ɗinki ne ya riƙe ta. Ta ga bargunan zamani a waya, manyan ƙyallaye a karkace da gangan, fili fetal ba ado, a haɗa da keken ɗinki a gama tun mutum bai gaji da abin ba, sai ta ce ashe akwai ɗinkin da aka yi don irinta. Thelma ta raɗa masa suna ɗinkin masu jiran mota. Haka suka zauna, ɗaya a gaban katako ɗaya a gaban keke, kullum cikin tsiya, kuma kowaccensu ba ta taɓa jin daɗin zama da wani mahaluki kamar haka ba, ko da yake ko za a yanka su ba za su faɗa ba.

Sai idon Thelma ya fara tafiya. Da fari zura zare ne ya gagare ta, Avril ta riƙa zura mata allurai da safe tana kafe su a hannun kujera. Daga baya ta daina karanta jarida, ta ce ai dama ƙarya ce cike da ita. In an tambaye ta takan ce tana ganin haske da duhu da manyan launuka, wannan kuwa ya ishi mai ɗinki. Ɗanta Keith bai gamsu ba. Ya samo mata wuri a gidan kula da tsofaffi kusa da shi a Gateshead, mai lambu, mai ƙararrawa a bakin gado, kuma duk Lahadi sai ya zo da maganar kamar yadda wasu ke zuwa da tsaraba. Ba mugun ɗa ba ne, tsoro ne ke cin sa. Ranar da ya ishe ta, Thelma ta yanke magana a gaban Avril.

"Ka ji nan, Keith. Ranar da hannuna ya yi kuskure da allura, ka kawo motarka ka kwashe ni, ba zan yi maka gardama ba. Kafin nan ka shafa mini lafiya."

Kowa ya san Thelma ba ta magana biyu, ko da maganar ita za ta ci.

A wannan hunturun ne Avril ta ɗinka abin da ake gani daga ƙofar bayan gidansu. Rabin ƙasa tudun ne, baƙi-baƙi, da tsibin ɓaraguzan tsohuwar mahaƙar dalma, ta yi shi da tsofaffin wandunan Dennis masu kauri da kaushi. Rabin sama fari ne tas mai santsi, irin samaniyar da ke shirin zubo dusar ƙanƙara. A tsakani ta ja siririn layi ruwan ɗorawa, hanyar da motar safe ke bi. Ba itace, ba gida, ba ko tunkiya. Ta tura hotonsa ga masu shirya babban taron ɗinkin bargon zamani da ake yi a Leeds don kawai ta ji me za su ce, sai suka ce a kawo.

To duk bargon da za a rataye sai an yi masa ƙubaka a baya, ta gefen sama, kamar ta wando, inda za a zura sandar ratayewa. Aikin hannu ne, miƙaƙƙen ɗinki, ba ya buƙatar ido sosai. Thelma ta ce a bar mata. Avril ta soka fil irin mai rufewa a gefen da take so ya zama sama, ta ce mata ga alama nan ta sa, ta fita neman kwali. Kafin ta gama yawonta ta dawo, har an gama, an ninke, an naɗe cikin tsohon zanen gado. Da wata ce sai ta buɗe ta duba. Avril kuwa ta ga gidan waya na shirin rufewa, ta danna a kwali ta ruga.

Ranar Juma'ar buɗe taro Avril ta kusa riga masu gadi isa bakin ƙofa. Thelma da Keith sai Asabar za su zo. Zauren ya cika maƙil da mata, kowacce rataye da jakar da ta ɗinka da kanta, kowacce tana satar kallon ɗinkin jakar 'yar'uwarta. Avril ta bi layuka da sassarfa tana neman nata, ta wuce shi ba ta gane shi ba, sai da ta dawo ta ga sunanta a ɗan katin da ke gefe. Tudun yana sama. Samaniya tana ƙasa, tana kusan shafar daɓe.

Wasu 'yan mata biyu na tsaye a gabansa. Ɗaya tana ce wa ɗaya hadari ne ya haɗo a kan filin ƙanƙara, kuma sai mai zuciya ke iya ɗora nauyi irin wannan a sama. Avril ta ji kamar ta gaya mata wandon Dennis ne take yabo.

A irin wannan taro ba a taɓa bargo. Akwai mata masu farar safar hannu da ke zagayawa, su kaɗai ke da ikon ɗaga gefe su nuna maka baya. Avril ta cafko ɗaya, wata siririya mai furfura, an rubuta Lorna a ƙirjinta.

"Baiwar Allah, wane mai barci ne ya rataye wannan? A juye yake."

Lorna ba ta yi fushi ba, da alama ta saba da masu bargo a ranar farko. Ta ɗaga gefen a hankali ta nuna mata can sama, inda sandar ta shige. Ta ce su ƙubaka suke bi, inda mai bargo ta sa ta, nan ne sama. Avril ta leƙa. Ga ɗinkin Thelma nan a jere, tsaf, daga wannan kusurwa zuwa waccan, a gindin tudu.

Ba kunyar mutane ce ta dami Avril ba, wanda ya yi aure biyu ya fito ya wuce wannan. Gobe Thelma za ta tsaya a nan. Tana ganin haske da duhu. Za ta ga duhu a sama, ta san hannun da ya ɗinka ƙubakar, kuma motar Keith tana ajiye a bakin ƙofa.

Ta nemi shugabar masu shiryawa, ta same ta da waya a kowane kunne. Matar ta saurare ta da kirki ta ce ba zai yiwu ba. Da zarar an buɗe ƙofa ba abin da ke saukowa sai Lahadi, sandar ma haɗe take da ta wasu, kuma masu tsani sun tashi. Avril ta ce a ba ta shi na ɗan lokaci, za ta warware ta sake ɗinkewa ko a banɗaki ne. Ta yi roƙo, ta yi faɗa, ta ba da haƙuri, ta sake yin faɗa. Matar ta ce ai mutane ma suna yabon sa a haka.

Wunin nan Avril ba ta zauna ba. Ta sayi zaren da ba ta da aikin yi da shi. Ta shiga wata lacca a kan launin toka, ta fito tun mai laccar ba ta gama gaisuwa ba. Ta sayi shayi ta bar shi a kan tebur yana tururi. Duk inda ta nufa sai ta ga ƙafarta ta maido ta gaban bargon, kamar harshe da haƙori mai ciwo. Ta auna tsawon wata kujera da ido, ta auna tsawon kanta, ta ga ko ta hau ba za ta kai ba. Da la'asar ta kira Keith ta ce masa wurin cunkoso ne, ga matakala, ga ba wurin zama, anya tsohuwa za ta iya? Har ya fara cewa shi ma dama yana wannan tunanin, sai ta jiyo muryar Thelma daga bayansa.

"Ka ce mata na je an gyara mini gashi."

Shi ke nan, magana ta ƙare.

A hanyar masauki ta biyo ta tashar jirgin ƙasa, ta tsaya tana kallon allon da ke jera sunayen garuruwa. Duk rayuwarta allon nan ne maganin ɓacin ranta. Wata zuciyar ta ce mata to ai in Thelma ta tafi Gateshead, ke ma kin kuɓuta, jaka tana ƙarƙashin gado, sai ki zaɓi gari. Ta tsaya tana jiran ɗan daɗin nan da takan ji a tafin ƙafa in tafiya ta kama. Bai zo ba. Ta karanta allon daga sama har ƙasa, ba garin da ya kira ta. Abin da ta samu a ranta tsoro ne tsagwaronsa, tsoron gidan ƙarshen layi ba mai yi mata tsiya a cikinsa.

Asabar da hantsi suka iso. Thelma ta sa kwat ɗinta ta zuwa coci, gashi ya sha gyara, Keith yana riƙe da gwiwar hannunta kamar ya ɗauko ƙwai. Avril ta karɓe ta ta fara dabara. Ta kai ta rumfunan masu sayar da yadi ta sa ta shafa wannan ta shafa wancan. Ta kai ta shan shayi. Ta kai ta can ƙurya inda aka ajiye tsofaffin barguna, tana fatan gajiya ta kama ta ta ce a koma gida. Thelma ta bi ta ba musu har suka sake biyowa ta gaban mai sayar da almakashi, wanda ta gane da muryarsa, sannan ta kafe sandarta a ƙasa.

"Auta, tun ɗazu kike zagayawa da ni kamar akuyar sayarwa. Kai ni wurin wandunan mijina."

Ba yadda za a yi. Avril ta kai ta, ta tsayar da ita, ta saki hannunta ta ja da baya. Lorna tana nan kusa da farar safarta. Keith ya ciro waya yana ɗaukar hoto, shi dai bargo bargo ne a wurinsa, ko a tsaye ko a kwance.

Thelma ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo.

"To," in ji Thelma. "Ga tudunmu nan a ƙasa, baƙi ƙirin. Ga samaniya can sama fara fat, kamar ta watan Janairu. Kin yi ƙoƙari, Auta, ga mai jiran mota."

Tana faɗar samaniya tana nuna wandon Dennis da yatsa.

Da farko sanyi ne ya ratsa Avril, ta tsira. Kafin ta gama sauke numfashi sai abin ya iso mata. Kalmomin nan nata ne, su ta yi ta faɗa wa Thelma duk hunturu tana taka keke. Thelma ba ta ganin duhu, ba ta ganin haske. Tun yaushe, Allah kaɗai ya sani. Kwana da wuni Avril ta yi tana gudun kada yayarta ta gani, ashe ba abin da za ta gani. Da ta san haka ne, da ta gwammace a kama su.

Da Thelma ta tsaya a nan, da an tashi lafiya. Keith bai lura da komai ba. Amma Thelma ta matsa gaba ta miƙa hannu, kamar yadda take yi wa kowane yadi a duniya. Lorna ta yi taku ɗaya za ta hana, ta dubi fuskar tsohuwar, ta dubi Avril da hawaye ya cika wa ido, sai ta zare safarta ɗaya ta zura wa Thelma a hannu.

Hannun ya sauka daidai ƙugu, inda ya kamata ya ji kaushin wando. Ya ji santsi. Ya yi dama, ya yi hagu. Ya hau sama a hankali har ya ƙetare siririn layin nan, sannan ya tarar da tudu. Thelma ta tsaya cak.

"An juya shi."

"Masu ratayewa ne, Yaya, kin san yaran yanzu..."

"Ta ƙubaka ake ratayewa. Ni na ɗinka ƙubakar."

Keith ya sauke wayarsa. Ya dubi uwarsa, ya dubi bargon, ga alama yanzu ne lissafin ya fara shigar masa. Avril ta ga hannunsa ya shiga aljihun da makullin mota yake. Thelma ba ta janye hannunta daga tudun ba. Fuskarta ta yi fari kamar rabin bargon, ta daɗe a haka, bakinta yana ɗan motsi kamar mai bin ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Can sai ta juyo wajen da take jin numfashin ƙanwarta.

"A wane gefe kika soka fil?"

"A sama mana. Inda za ki ɗinka."

"Fil a wajen kai?" Jinin fuskar ya fara dawowa. "Tun yaushe ake sa fil a wajen kai, so kike ki tsokane wa mutum ido? Fil na wajen ƙafa ne. Duk bargon gidanmu Mama a ƙafa take soka shi, don kada gefen da ya kwana a ƙafar wani ya kwana a hancin wani. Na lalubo fil, na juya, na ɗinka a kai. Da kin taɓa tsayawa kin gyara gado ɗaya a gidan nan har ƙarshe, da kin sani."

Avril ta buɗe baki. Sai ta tuna sanyin wani ɗan ƙarfe da yakan taɓa mata yatsan ƙafa a ƙarƙashin bargo tana yarinya, wanda kullum take ture shi ba ta taɓa tambayar abin da yake yi a wurin ba. Ta rufe bakin.

Keith ya yi gyaran murya. Ya ce a hankali, "Amma Mama, ɗazu kin ce kin ga samaniya a sama."

"Na faɗa. Ƙarya na yi, tun kaka ba na ganin komai sai hayaƙi." Ta zare safar ta miƙa wa iska, Lorna ta karɓa. "Amma hannu na ce maka, Keith, ban ce ido ba. Je ka leƙa ɗinkin nan ka gaya mini inda ya karkace."

Bai je ba. Ya san uwarsa, ya kuma san abin da zai tarar. Ya tsaya yana ta kallon ƙasa, sannan ya fito da hannunsa daga aljihu ba makulli, ya ce bari ya samo musu shayi.

Akwai benci a tsakiyar layin, Lorna ta kai Thelma ta zaunar. Avril ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Ta je gaban bargon ta dawo, ta leƙa ko Keith na tafe, ta gyara wa Thelma kwala, ta ce za ta koma wurin shugabar ta gaya mata laifin nata ne, ta ce a'a bari dai ta nemo ruwa tukuna. Tana cikin juyawa Thelma ta miƙa hannu ta damƙo gefen siket ɗinta, ba ta ko lalube ba.

"Zauna mana, Auta. Ko ban ganin ki kina sa ni jiri."

Avril ta zauna. Ƙafarta ta fara rawa a ƙarƙashin bencin, Thelma ta ɗora tafin hannu a kan gwiwar ta bar shi a wurin.